Awa Biyu da Rabi a Tikiti, Wuni Guda a Hanya: Yadda Nake Lissafin Tafiya daga Landan zuwa Roma

Karon farko da na je Roma wajen ƙanena, tun da daddare na kira shi na ce, "Jirgina zai tashi ƙarfe tara, tafiyar awa biyu da rabi ce, ka same ni a tasha ƙarfe sha biyu." Ya nemi izini a wurin aikinsa, ya tafi tashar jirgin ƙasa ta Termini ya tsaya. Ban iso ba sai da biyu ta gota. Bai nuna min komai ba, ya karɓi jakata yana ta "sannu da hanya, Yaya," amma na san ladan rabin wuninsa ya tafi a tsaye, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai. A ranar jirgin bai makara ko da minti ɗaya ba. Lissafina ne bai cika ba. Tun daga nan na ɗauki al'adar zama da biro da takarda kafin in sayi tikiti, kuma abin da nake rubutawa a takardar shi zan shimfiɗa maka a nan. Zan yi misali da hanyar da na fi sani, daga Heathrow zuwa Fiumicino, amma lissafin yana aiki tsakanin kowane filin jirgi biyu a Turai.

Wane fili ne tukuna?

Kafin ka tambayi nisa, tabbatar da filin da za ka tashi da wanda za ka sauka. Sunan gari a tikiti bai isa ba. Landan kaɗai tana da filaye shida masu ɗauke da sunanta: Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton, City da Southend. Roma tana da biyu, Fiumicino da Ciampino. Kowane fili yana da haruffa uku da ba ya tarayya da wani a cikinsu, su za ka duba: LHR Heathrow ke nan, STN Stansted, FCO Fiumicino, CIA kuma Ciampino.

A sama bambancin ba shi da yawa. Stansted zuwa Ciampino da Heathrow zuwa Fiumicino kusan tafiya ɗaya ce ga matuƙi. A ƙasa ne ake jin jiki. Heathrow na da kimanin kilomita 25 daga tsakiyar Landan, Stansted kuwa ya ninka haka. Wasu filayen ma aron sunan gari kawai suka yi. Beauvais, da ake sayar da tikitinsa da sunan Faris, yana da kimanin kilomita 85 daga birnin. Hahn ya fi kilomita 100 daga Frankfurt. Mai sauka a Charleroi da niyyar shiga Brussels yana da tafiyar bas ta kusan awa guda a gabansa. Irin waɗannan filaye su ne matattarar jiragen araha, kuma ba na hana kowa hawansu, ni ma ina hawa. Sai dai ka haɗa kuɗin bas da awannin da zai ci a kan kuɗin tikitin, sannan ka ga ko arahar tana nan.

Auna nisa

Nisan da shafukan intanet suke bayarwa shi ne mafi gajartar hanya a kan doron duniya. Ɗauki ƙwallo, ka ɗiga tabo biyu, ka ja zare tsakaninsu har ya miƙe. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar. Taswirar bango ba ta nuna wannan daidai, domin an baje abu mai zagaye ne a kan takarda, shi ya sa ƙasashen arewa irin su Norway da Finland suke fitowa da girman da ya wuce nasu. Kada ka ɗora rula a kan taswira ka ce ka auna.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta haruffan filayen biyu a ɗaya daga cikin shafukan lissafin nisa. Heathrow zuwa Fiumicino zai ba ka kilomita 1,445 ko kusa da haka. Amma ka lura da ma'aunin da aka yi amfani da shi, don iri uku ne suke yawo. Akwai kilomita. Akwai mil na ƙasa, wanda Ingila take aiki da shi, mita 1,609 ne. Akwai kuma mil na teku, wanda matuƙa da masu kula da sararin sama suke aiki da shi, mita 1,852. Wannan tafiya tamu mil 898 ce a na ƙasa, kimanin 780 a na teku. Idan ka ga shafi biyu sun saɓa da juna nesa ba kusa ba, yawanci ma'auni ne ya bambanta.

Ina son mutum ya iya yi da hannunsa ko sau ɗaya, don ya san daga ina lambar ta fito. Nemi matsayin kowane fili a taswirar wayarka. Heathrow yana digiri 51.47 arewa, 0.45 yamma. Fiumicino yana 41.80 arewa, 12.25 gabas. Daga arewa zuwa kudu, kowane digiri kimanin kilomita 111 ne a ko'ina. Tazarar filayen biyu ta wannan fuska digiri 9.67 ce, ka ninka da 111, ka sami 1,073. Daga yamma zuwa gabas kuwa digirin yana tsukewa yayin da kake hawa arewa, kamar yadda ɓarin lemo yake tsukewa wajen kai. Don haka sai ka ɗauki tsakiyar 51.47 da 41.80, wato kimanin 46.6, ka danna maɓallin cos a kalkuleta, zai ba ka 0.687. Ka ninka da 111, ka ga digiri ɗaya a wannan yanki kilomita 76 ne. Tunda fili ɗaya yana yamma ɗayan yana gabas, haɗawa ake yi: 0.45 da 12.25 sun zama 12.7, sau 76, ka sami 965. Yanzu ninka 1,073 da kansa, ninka 965 da kansa, haɗa su, ka danna maɓallin √. Amsar 1,443 ce. Kilomita biyu kacal tsakaninka da kwamfuta. Wannan dabara ta isa ga tafiyar cikin Turai. Idan tafiyar ta tsallaka babban teku ce, kuskurenta yana girma, sai ka bar wa kwamfuta.

Jirgi kuma ba ya bin zaren nan sak. Akwai hanyoyin da aka shata masa na fita daga fili da na shiga, akwai yankunan atisayen soja da ake kewayewa, akwai hadari. A tafiyar Roma muna ƙetare ruwan da ya raba Ingila da Faransa, mu keta Faransa, mu haye tsaunukan Alps, sannan mu gangara ta gaɓar tekun Italiya. Idan gari ya yi garau, wanda ya sami kujerar taga yakan hango Mont Blanc mai tsayin kimanin mita 4,800 a lulluɓe da ƙanƙara, kuma duk yawan bin hanyar ban taɓa daina leƙawa ba. Gabashin nahiyar kuma ratsen ya fi haka. Tun watan Fabrairun 2022 sararin saman Yukiren a rufe yake ga jiragen fasinja, jiragen Tarayyar Turai ba sa bi ta Rasha, kuma tun 2021 suke kauce wa Belarus. Jirgin da ya taso daga Helsinki zuwa Santambul dole ya karkata yamma, don haka nisan da shafi ya ba ka bai kai wanda za a tafi ba.

Daga kilomita zuwa awa

Yawancin jiragen da ke zirga-zirga a cikin Turai dangin Airbus A320 ne da Boeing 737. Idan sun kai can sama, tsakanin kilomita 10 zuwa 12, suna gudun kilomita 830 ko ɗan fiye a awa. Wanda ya raba 1,445 da 830 zai ce tafiyar awa ɗaya da minti 45 ce, alhali tikiti ya ce awa biyu da rabi. Ina sauran mintunan suka shiga?

Lokacin da ke kan tikiti ba na tashi sama ba ne. Yana farawa daga sa'ad da aka tura jirgin baya daga wurin da yake tsaye, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cak a wancan filin. Duk rarrafen da zai yi zuwa titin tashi a ciki yake, da layin da zai bi bayan sauran jirage. Heathrow titi biyu kawai yake da shi ga ɗimbin jiragen da ke amfani da shi, don haka minti 20 a ƙasa kafin tashi ba abin mamaki ba ne. A Schiphol na Amsterdam akwai titin da ake kira Polderbaan, wanda aka buɗe a 2003, yana da nisa da ginin fasinja har jirgi yakan yi rubu'in awa yana tafiya a ƙasa bayan ya sauka. Sannan a lokacin hawa da gangarowa jirgi ba ya cikakken gudu. Ƙasa da ƙafa 10,000, ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce kimanin kilomita 460 a awa. Idan kuma Heathrow za ka sauka da safe, ana iya ajiye ku kuna shawagi a ɗaya daga cikin wuraren jira huɗu da ke kewaye da Landan, Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin, har layi ya zo kanku.

Ga ƙa'idar da na tsayar wa kaina bayan gwaji da yawa: raba kilomita da 800, sannan ka ƙara minti 45. Roma: 1,445 a raba da 800 ya ba da awa ɗaya da minti 48, a ƙara 45, awa biyu da minti 33. Kusan abin da ke kan tikiti ke nan. Gwada ta da Heathrow zuwa Charles de Gaulle na Faris, kimanin kilomita 350: minti 26 da minti 45, awa ɗaya da minti 11, kuma jadawali yakan ce awa ɗaya da kwata ko da minti 20. Madrid zuwa Barcelona, kimanin kilomita 480, awa ɗaya da minti 20. Heathrow zuwa Santambul, kusan kilomita 2,500, awa huɗu ba kaɗan. Amfaninta shi ne ta nuna maka cewa minti 45 ɗin nan ba sa raguwa komai gajartar tafiya. A hanyar Faris sun fi rabin lokacin.

Za ka kuma ga dawowa ta fi zuwa tsawo da minti goma ko sha biyar a jadawali. Akwai iska mai tsananin ƙarfi a can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ta fi ƙarfi da hunturu. Mai nufar gabas tana tura shi, mai nufar yamma yana kokawa da ita. Cunkoson sauka a Heathrow ma yana cikin abin da ake lissafawa. Don haka kada ka ɗauki lokacin zuwa ka liƙa wa dawowa.

Wani lokaci kuna zaune a cikin jirgi, an rufe ƙofa, sai matuƙi ya ce an ba shi lokacin tashi nan da minti 40. Ba laifinsa ba ne. Hukumar Eurocontrol da ke Brussels ce take raba lokutan tashi idan wani sashe na sararin sama ya cika, ko hadari ya tare hanya, ko masu kula da jirage a wata ƙasa sun shiga yajin aiki. Tunda hanyarmu ta Faransa take bi, yajin aiki a can yana taɓa mu ko da ba can za mu sauka ba. Abin da ke hannunka shi ne zaɓen lokaci. Jirgi ɗaya yakan yi sawu da yawa a wuni, kuma jiragen araha sau da yawa ba sa wuce rabin awa a ƙasa tsakanin sawu da sawu, don haka lattin safe yana bin jirgin yana ƙaruwa har dare. Idan da abin da ba ka so ya wuce ka, ɗaurin aure ne ko jarrabawa ko ganin likita, ɗauki jirgin farko na asuba. Jirgin ƙarshe na dare yana da wani haɗarin: wasu filaye suna rufewa. Frankfurt ba ya barin tashi da sauka daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, sai da izini na musamman.

Agogo

Nan ne na fara ɓata a ranar da ƙanena ya jira ni. Duk lokacin da ke kan tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Tashi da agogon Landan, sauka da agogon Roma, kuma Roma tana gaba da awa ɗaya. Jirgin tara na safe zai nuna sauka 12:35, ba 11:35 ba. A dawowa kuma sai ka ga kamar tafiyar ba ta kai awa biyu ba.

Birtaniya da Ireland da Fotugal agogonsu ɗaya. Faransa, Jamus, Italiya, Sifaniya, Holan, Beljiyam, Poland da maƙwabtansu suna gaba da awa ɗaya. Girka, Romaniya, Bulgeriya, Finland da ƙasashen Baltik suna gaba da awa biyu. Tsibiran Canary na Sifaniya ne amma agogon Landan suke bi. Duka waɗannan suna tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, su mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kuma tare suke yi, don haka tazarar da ke tsakaninsu ba ta canjawa. Turkiyya ce ta fita daban: tun 2016 ba ta taɓa agogonta, shi ya sa tazararta da Landan awa biyu ce da bazara, uku da hunturu. Idan tafiyarka ta faɗo a ɗaya daga cikin Lahadin nan biyu, ka saita ƙararrawa a wayar da ke gyara agogonta da kanta.

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki

Yanzu ga lissafin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda babu tikitin da zai yi maka. Fara daga lokacin tashi ka koma baya. Jirgi ƙarfe tara. Ina so in kasance a fili awa biyu kafin nan, domin ana rufe karɓar kaya minti 40 zuwa awa guda kafin tashi, ya danganta da kamfani, ga layin binciken tsaro, ga ƙofar shiga jirgi da ake rufewa tun kafin lokacin da aka rubuta.  Bakwai ke nan a Heathrow. Daga tashar Paddington ta Landan, jirgin ƙasa na Heathrow Express minti 15 yake yi, layin Elizabeth kimanin rabin awa a kuɗi ƙasa da haka, layin Piccadilly daga tsakiyar gari kuma kusan awa guda. Ni daga gidana awa ɗaya nake warewa. Ƙarfe shida na fita.

Sai ɗaya ɓangaren. Jirgi ya tsaya 12:35 agogon Roma. Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka janye duba fasfo a tsakaninsu, Italiya kuwa tana ciki, don haka akwai layin duba fasfo. Yankin nan ƙasashe 29 ne a yanzu, bayan shigar Kuroshiya a 2023 da Bulgeriya da Romaniya daga baya, kuma Suwizalan da Norway da Iceland suna ciki ko da yake ba 'yan Tarayyar Turai ba ne. Tsakanin ƙasashen ciki, a al'ada, sauka kake yi ka wuce. Mai shigowa daga waje kuwa sai ya tsaya gaban jami'in shige da fice, kuma tun 12 ga Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu na baƙin da ba 'yan yankin ba, wanda yake ƙara wa layin tsawo, musamman ga mai zuwan farko. Fita daga jirgi, fasfo da jiran jaka, awa ɗaya nake ba su. 1:35 ke nan. Fiumicino yana bakin teku, kimanin kilomita 30 daga gari. Jirgin ƙasa na Leonardo Express yana kai mutum Termini cikin minti 32, a haɗa da tafiya zuwa dandamali da jira, minti 45. 2:20. Daga nan zuwa ɗakin ƙanena wasu minti 25.

Na fita shida agogon Landan, na zauna uku saura kwata agogon Roma. Awa bakwai da minti 45, kuma wannan a ranar da komai ya tafi daidai ne. Abin da nake rubuta masa yanzu shi ne, "Kada ka baro aiki kafin biyu, zan kira ka idan na wuce fasfo."

Da wannan lissafi ne za ka gane inda jirgin ƙasa ya fi. Landan zuwa Faris ta sama, idan ka tara komai, tana cin awa biyar zuwa shida. Jirgin ƙasa na Eurostar yana tashi daga tashar St Pancras ta Landan, ya bi ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, ya ajiye ka a tashar Gare du Nord ta Faris cikin kimanin awa biyu da minti 20, kuma ana gama duba fasfo tun a Landan. Ko ka ƙara awa ɗaya da rabi na zuwa da wuri, ka riga mai jirgin sama shiga gari. Madrid zuwa Barcelona ma haka, jirgin ƙasa mai sauri awa biyu da rabi yake yi tun da aka kammala layin a 2008. Faransa har doka ta yi a 2023, ta hana jiragen cikin gida daga filin Orly na Faris zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon, saboda jirgin ƙasa yana kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi. A ganina, duk tafiyar da ba ta kai kilomita 600 ba, ka fara duba tashar jirgin ƙasa tukuna. Roma kam ta yi nisa, sama ce hanyarta.

Idan za a yada zango

Wani lokaci tikitin da ya fi araha yana bi ta wani gari, a ce Frankfurt. Yi wa kowane sawu lissafinsa daban. Heathrow zuwa Frankfurt kimanin kilomita 655, awa ɗaya da minti 35. Frankfurt zuwa Fiumicino kimanin 960, awa biyu ba kaɗan. Minti 45 ɗin nan ka biya su sau biyu, ga jira a tsakani. Awa biyu da rabi ta koma biyar. Kuma a Frankfurt za a duba fasfonka, don nan ka fara taka yankin Schengen, saboda haka jiran da bai kai awa ɗaya da rabi ba ni ba na karɓarsa wa mai fasfon waje.

Abin da nake roƙon mutane a kai shi ne su sayi sawun biyu a tikiti ɗaya. Wani kawunmu, dattijo, an haɗa masa tikiti biyu daban-daban don a rage kuɗi kaɗan. Na farko ya makara, na biyu ya tafi, kuma kamfanin na biyu ya ce shi bai san da na farko ba. Ya kwana a kan kujera a fili, ga shi ba ya jin harshen wurin, washegari muka sayi sabon tikiti. Da tikiti ɗaya ne, wajibin kamfani ne ya sa shi a jirgi na gaba, ya kuma ba shi masauki. Ka kuma bincika maganar biza kafin ka biya: masu fasfon wasu ƙasashe ana neman bizar wucewa a hannunsu ko da ba za su fita daga filin ba.

Inda kilomita take zama kuɗi

Mutane da yawa suna ɗaukan sanin nisa a matsayin abin sha'awa kawai. A Turai haƙƙinka ya rataya a kansa. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta tanadi diyya ga fasinjan da aka soke jirginsa a ƙurarren lokaci ko aka hana shi shiga, kuma a 2009 kotun Tarayyar ta ce wanda ya isa da lattin awa uku ko fiye shi ma yana ciki. Adadin da nisa ake yanke shi. Kilomita 1,500 ko ƙasa, yuro 250. Sama da 1,500 a cikin Tarayyar, ko tsakanin 1,500 da 3,500 a sauran tafiye-tafiye, yuro 400. Abin da ya wuce haka, yuro 600. Birtaniya ta riƙe irin wannan doka bayan ficewarta, da fam 220, 350 da 520. Jirgin da ya tashi daga Roma dokar Tarayya ce a kansa ko na wane kamfani ne, wanda ya tashi daga Heathrow kuma ta Birtaniya. Tun 2013 ake muhawarar yi wa dokar Tarayyar gyara, don haka ka duba sigar da ke aiki a ranar tafiyarka.

Ka ga 1,445 ɗinmu saura kilomita 55 ta kai layin. Yuro 250 ke nan. Napoli, wadda jirgin ƙasa mai sauri yake kaiwa daga Roma cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, ta haura kilomita 1,600 daga Heathrow, mai tasowa daga can yuro 400 zai nema. Kuma da zaren nan na kan ƙwallo doka take awo, ba da hanyar da matuƙi ya bi ba. Ratsen yada zango ma ba ya shiga: a 2017 kotun ta yanke hukunci kan tafiya daga Roma zuwa Hamburg ta Brussels, ta ce nisan Roma zuwa Hamburg kai tsaye za a duba. Abinci da abin sha a lokacin jira su ma da nisa suke tafiya: bayan awa biyu a gajeriyar tafiya irin tamu, bayan uku a matsakaiciya, bayan huɗu a doguwa. Diyyar kuɗi tana faɗuwa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi ko yajin aikin masu kula da sararin sama, amma abinci da masauki ba sa faɗuwa.

Awa ukun kuma a wurin sauka ake ƙirga ta, ba a wurin tashi ba. A 2014 kotun ta fayyace cewa jirgi ya iso ne a lokacin da aka buɗe aƙalla ƙofa ɗaya aka ba fasinja damar fita, ba lokacin da taya ta taɓa ƙasa ba. A fili mai dogon rarrafe, minti goma na iya raba mai haƙƙi da marar shi. Don haka idan kun makara sosai, da zarar an buɗe ƙofa ka ɗauki hoton fuskar wayarka yadda agogo zai fito, ka adana katin shiga jirgi da rasitin duk abin da ka saya a lokacin jira. Ka tambayi ma'aikatan dalilin lattin, ka rubuta abin da suka ce. Sannan ka cike fom ɗin neman diyya a shafin kamfanin da ya tuƙa jirgin da kanka, ka sa lambar jirgi, kwanan wata, haruffan filayen biyu da kilomitan da ke tsakaninsu. Akwai kamfanonin da ke karɓo wa mutane diyya, amma suna yanke kaso mai tsoka, don haka sai ka fara gwadawa da hannunka, idan an ƙi ka ko an yi shiru, ka kai ƙara hukumar da ke kula da haƙƙin fasinja a ƙasar da jirgin ya tashi.